Ku Tambaya Mu Amsa: Shara, Ruwa da Itace a Gidajen Damagaram

Wasiƙun wannan wata kusan duka daga cikin birnin Damagaram suka fito, kuma a kan abin da gida ke zubarwa suke magana. Mun kai su ga malaman gona, ma'aikatan tsabta da na kiwon dabbobi, muka haɗa amsoshinsu a nan.

Kowace safiya muna kwashe shara kusan bokiti uku, ga shi mai amalanke yana karɓar kuɗi a kan kowace kwasa. Ƙonawa zan riƙa yi? — Wata uwargida, Garin Malam

Hajiya, kada ki ƙona. Gobe idan an gama shara, ki sa a zuba ta a kan tsohon buhu, a tankaɗe da rariya mai manyan idanu. Za ki ga mafi nauyin abin da kike biya a ɗauka rairayin tsakar gidanki ne. Shi wannan mayar da shi ake yi inda aka sharo shi. Gidan da ake fitar da ƙasarsa kullum, shekara kaɗan tsakar gidan ke komawa kwari, ruwan damina ya kwanta a gindin katanga, ginin laka kuwa daga gindi yake fara ci. Da yawa daga katangun da ke faɗuwa a watan Agusta ta haka suke somawa.

Abin da ya rage a kan rariya kashi uku ne. Akwai mai ruɓewa: ganye, ɓawon albasa, kashin awaki, ƙaiƙayi, ragowar harawa. Wannan taki ne, bayaninsa na tafe a amsa ta gaba. Akwai mai kuɗi: gwangwani, guntun ƙarfe, fasasshiyar roba mai kauri, tsofaffin takalma, kwalba, a tara su a buhu ɗaya har masu sayen tarkace su zo. Sai na uku, leda da batir, waɗanda su kaɗai ne shara ta gaskiya. Idan aka ware su daban, gidan mutum goma da wuya ya cika buhu guda a mako.

Dalilin hana ƙonawa shi ne wutar juji ba ta da zafin da zai cinye leda ƙurmus. Cin ta take a hankali tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, ya fi muni idan akwai guntun tiyo ko ɓawon wayar lantarki a ciki. Hayaƙin nan ƙasa-ƙasa yake bi da magariba, daidai tsayin yara, ya tayar da tari da asma. Haka nan a daina hura gawayi da leda, domin abincin yana ɗauka. Busasshen kara ko totuwar masara sun wadatar.

Ina da tumaki biyu da akuya uku a gida. Na ji ana haɗa taki a rami, na gwada, wata uku bai ruɓe ba, gara ce kawai ta cika shi. Ina kuskuren yake? — Malam S., Karkada

Malam, ƙishirwa ce ta kashe maka rami. Masu ruɓar da taki ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma ba sa aiki sai da laima. A iskar hunturu ko zafin bazarar Damagaram, tulin da ba a rufe ba kwana biyu ya ishe shi ya bushe, gara kuwa busasshen kara take nema.

Ka sake daga farko. Ka zaɓi inuwa, nesa da rijiya da gindin ɗaki. Ka haƙa rami mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, zurfin santimita 50 zuwa 60. Idan ka tarar da dutse, kamar yadda ake yawan tararwa a garin nan, ka ja layin tubali uku a sama maimakon haƙa. Ramuka biyu ake yi gefe da gefe, don juyi. A ƙasa ka shimfiɗa sararren kara kaurin taƙi ɗaya, domin iska ta samu hanyar shiga. A kansa busasshen ganye da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, su ma taƙi ɗaya. Sai kashin dabbobi haɗe da ragowar ɗakin girki, rabin wancan kaurin. Ka haɗa da ƙasar turken da fitsari ya jiƙa, domin ƙarfin takin yana cikinta. Ka barbaɗa toka tafi ɗaya ko biyu, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa haka har rami ya cika ya yi tozo. Ka rufe da tsohuwar tabarma ko zana.

Gwaji biyu za su nuna maka halin da ake ciki. Na farko, ka damƙi takin ka matse: ya kamata ya dunƙule, tafinka ya yi sanyi, amma ruwa kada ya zubo. Na biyu, ka soke sanda har ƙasa ka bar ta a ciki. Bayan kwana uku ka zaro: idan ta yi zafi da danshi, aiki na tafiya. Idan ta fito a bushe da farar hoda a jikinta, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da sanyi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ta toshe. Ka juye ka ƙara busasshen ganye. Idan kuma warin fitsari ne mai yaji a hanci, toka ta yi yawa ko kashi ya rinjayi kara, kuma wannan warin da kake ji ƙarfin takin ne ke tashi sama yana ɓata. Mutane da yawa suna juye tokar murhu gaba ɗaya a rami da zaton gyara ne, alhali hasara suke yi.

Kowane kwana 15 ka juye daga wannan rami zuwa wancan, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya. Da rani rami irin wannan yana shan kamar bido ɗaya a mako, kuma ruwan ɗaurayar kwanuka ya isa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

Kada a sa nama, ƙashi ko mai, don ɓera da karnuka. Kada a sa kashin mutum ko na kare ko na mage. Leda kuwa ko ƙyalle kada ya shiga. Manoman da ke kwasar juji kai tsaye zuwa gona sun san wahalarta: tana hana ruwa nutsewa, saiwar hatsi ta nannaɗe a jikinta. Takin da aka tace ya nuna, idan ya fi ƙarfin bukatarka, masu lambu irin na Mirriya ba sa ƙin sa.

Akuyata tana ta ramewa, cikinta kuma ya yi tauri. Maƙwabci ya ce leda ta ci, in ɗura mata man gyaɗa. — Wani dattijo, Birni

Baba, alamun sun yi kama da haka: rama, raguwar ci da tuƙa, kashi kaɗan-kaɗan, gashi a tsaye, da ƙullutu mai tauri idan an danna cikin ta hagu. Amma tsutsar ciki ma tana ramar da dabba, don haka a kai ta ga likitan dabbobi ya taɓa ya tabbatar. Idan leda ce ta dunƙule a tumbi, babu maganin da ke narkar da ita. Ko dai a yi mata aiki a fitar, ko a yanka tun tana da nama. Ɗuren mai ba ya warware ƙullin da ya riga ya murɗe kamar igiya, kuma idan ya bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu, shi zai kashe ta kafin ledar.

Akuya ba ledar take so ba, gishiri da maiƙon da ke jikinta take bi, musamman da rani idan ciyawa ta ƙare. A ajiye wa sauran kantun gishirin Bilma ko kanwa su riƙa lasa, a ba su dusa da harawa kafin a sake su, in da hali ma a bar su a turke.

Dokar ƙasa mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda maras kauri a Nijar. Duk da haka tana nan a kowace rumfa, don haka gyaran na hannun mai saye. Mai zuwa Kasuwar Dole ranar Alhamis ya tafi da kwando ko jakar buhu. Yaron da aka aika sayen koko, ƙosai ko fura ya tafi da kwano mai murfi. Abinci mai zafi da maiƙo ma ba wurin zamansa ba ne leda. Ledar ruwan sha kuwa tana da amfani na biyu: a yanke bakinta, a huda gindin wuri huɗu, a cika da rairayi kashi biyu da nunannen taki kashi ɗaya, a reni zogale ko bedi a ciki. Ranar dashe a tsaga ta a cire, kada a binne da ita.

Pampo na iya yin kwanaki bai zo ba a unguwarmu, sayen ruwa muke a bido. Ta ina za mu rage? — Wata amarya, Kara-Kara

Amarya, wannan tsohuwar damuwa ce. Garin yana zaune a kan dutse ne wanda ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashi, shi ya sa ake janyo shi daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da aka sha wahala haka kafin ya iso, bai kamata ya yi aiki ɗaya a zubar ba.

Ki fara da alwala. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba. Ko a ce kowa lita ɗaya yake kashewa, gidan mutum biyar lita 25 ke nan a yini, bido cur. Ruwa ne mai tsabta. A shuka zogale ko lalle a daidai wurin alwalar, ko a ajiye daro a tara a kai wa shuka. Ruwan wankin shinkafa, hatsi da ganye a ba dabbobi, ko a zuba a ramin taki.

Wanke-wanke a yi shi da daro uku. A fara goge maiƙo da toka ko dusa, sai daron sabulu, sai ɗauraya ta farko, sai ta biyu. Idan na sabulu ya yi datti a zubar, na ɗauraya ya koma matsayinsa. A wanki kuma a fara da fararen kaya, ruwansu ya wanke masu duhu, na ƙarshe a wanke makewayi da shi.

Sai dai ruwan sabulu ba duka ɗaya ba ne. Na sabulun sanda itacen da ya girma yana jure shi. Na garin omo yana ɗauke da gishiri, idan aka dage da zuba shi wuri ɗaya ƙasar za ta yi fari ta daskare, bakin ganye ya ƙone. Wanda aka sa wa jabel, wato ruwan nan mai faranta kaya, kada ya kusanci shuka. Ruwan wankin kashin jariri ko na ɗanyen nama masai ne wurinsa. Kuma kowane iri ne, kada ya kwana biyu a ajiye, domin yana wari yana tara ƙwayoyin cuta. Wanda ba shi da sauran amfani, maimakon a sako shi titi ya zama kwatar sauro, a haƙa masa rami mai zurfin mita ɗaya, taku uku daga katanga, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, a rufe.

Ga masu rufin kwano akwai ruwan sama, lissafinsa kuma mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, idan aka yi ruwan milimita 25, lita 500 ta sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo, saura 400, wato tano biyu masu cin lita 200. Damagaram na samun wajen milimita 400 a shekara, wata shekara ya fi, wata ya gaza. Ruwan farkon damina a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu da na ƙadangare, kuma kowane ruwa a bar na mintoci goman farko ya wuce. A ɗaura ƙyalle a bakin tano, a rufe ruf, domin ƙwan sauro mako ɗaya zuwa kwana goma yake bukata ya tashi. Don wanki da wanka ya yi haka nan. Don sha sai an tafasa ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ya wankuwa, kada a sa ruwan sha a ciki har abada.

Pampon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da lita 20 ko fiye a kwana. Galibi 'yar robar cikin kansa ce ta cinye, kuma canza ta bai kai kuɗin ruwan mako ba.

Itace ya yi tsada, gas kuma wani lokaci a rasa. Akwai dabara? — Mai tuwon sayarwa, Sabon Gari

Akwai, Hajiya. Murhun duwatsu uku a fili, zafin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba, sauran iska ke kwashewa. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da na laka na Albarka an yi su ne don tare wannan iskar, kuma idan an yi su daidai suna rage kusan kashi ɗaya cikin uku na itace. Na laka ke ma za ki iya ginawa. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a rufe ta kwana bakwai ta tsima. A kafa duwatsun uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita, tsakanin gindinta da ƙasa santimita 12 zuwa 15. A gina bango kewaye har kusa da kunnuwanta, a bar ratar yatsa ɗaya tsakaninsu, a yanke ƙofa ɗaya ta itace. Ratar nan ita ce komai: in ta yi faɗi zafi ya gudu, in ta matse wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Kowace tukunya da murhunta. A bar shi ya bushe a inuwa mako guda, domin wanda aka hura wa wuta da ɗanyensa tsagewa yake.

Itace a faskara shi sirara, busasshe, biyu ko uku a lokaci guda. A rufe tukunya. Wake a jiƙa shi tun dare. Idan ya tafasa minti 15 zuwa 20, a sauke da murfinsa, a nannaɗe da tsohon bargo, a sa cikin kwandon da aka cika da tsummoki, a danne sama da matashi. Bayan awa uku ya nuna ba tare da ƙarin itace ba. Kada a buɗe a tsakani, kuma kada ya wuce awa huɗu zuwa biyar a ciki. In ya huce a sake tafasa shi kafin a ci.

Gas ɗin da matatar mai ta SORAZ ke fitarwa tun 2011 ya sauƙaƙa wa itatuwan karkara, muna kuma ƙarfafa amfani da shi. A riƙa shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in ta yi ƙwai akwai yoyo. Harshen wuta ya zama shuɗi. Ja ko rawaya alamar kan ya toshe ne, gas na tafiya a banza. Gawayi kuwa, don Allah kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.

Ba mu da firji. Tumatir kwana biyu yake yi ya lalace. — Wata ɗaliba, Zango

Ki nemi tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, irin na maginan Mirriya, waɗanda ba a shafa musu fenti ko siminti ba. Ki zuba tankaɗaɗɗen rairayi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar har bakinsu ya daidaita, ki cika tsakaninsu da rairayi kaurin yatsu biyu. Ki jiƙa rairayin sosai, ki rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ki ɗora a kan duwatsu a inuwa mai iska. Safe da yamma a ƙara ruwa kamar lita ɗaya. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka wannan ke yi: ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafin. Wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar, har ya samu kyautar Rolex a kanta a 2000.

Tumatir mai lafiya, tattasai, yalo da karas suna kaiwa mako ɗaya zuwa biyu. A ware mai rauni, kada a haɗa da nunannen mangwaro domin yana gaggauta nunar sauran. Albasa ba ta son laima, nama da madara kuma sanyin bai ishe su ba. A Yuli da Agusta iska na da danshi, tukunyar ba ta aiki sosai. Lokacin arahar tumatir kuwa kauɗa ta fi: a yanka biyu, a shanya a kan tabarma bisa rumfa, ba a ƙasa ba, a lulluɓe da tsohon gidan sauro, kwana huɗu zuwa shida.

Ina zan kai matattun batura? — Wani mai shago, Tudun Jamus

Kada a jefa su wuta, masai ko ramin taki. Na tocila da rediyo a tara su a busasshiyar kwalba mai murfi, inda yaro ba ya kaiwa, a hana yara fasa su don baƙin garin ciki. Ƙananan nan masu kama da maɓalli sun fi haɗari: yaron da ya haɗiye a kai shi asibiti nan take, ko da bai nuna ciwo ba, domin cikin awanni kaɗan yake ƙona maƙogwaro. Na mota, babur da sola akwai dalma da ruwa mai ci a cikinsu. A mayar wa mai sayarwa ya rage kuɗin sabo, kada a fasa a gida. Batirin waya da ya kumbura kada a huda shi, yana kama wuta.

Kowace shekara ƙwari na cinye mini wake kafin bazara. Ba na son sa ƙwayar magani a abin da yara za su ci. — Malama H., Birni

Kin yi daidai, Malama. Ƙwayar nan iskar guba take fitarwa, bai halatta a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana ba. Ƙwaron wake da ƙwansa tun daga gona suke zuwa, kuma rashin iska kaɗai ya isa ya kashe su. Ki shanya waken har ya riƙa fashewa ƙas idan an ciza, ki bar shi ya huce a inuwa. Ki wanke bidon man girki da ruwan zafi da sabulu, ya bushe sarai. Ki cika shi har wuya kina jijjigawa, domin duk gurbin da ya rage iskar ƙwaro ce. Mai lita 20 yana cin kamar tiya shida. Ki shimfiɗa leda mai kauri a baki, ki murɗa murfin a kanta, ki ajiye a inuwa bisa katako. Kada a buɗe kafin wata biyu. Na ci yau da gobe ki ware shi a ƙananan gorunan roba, don kada a yi ta buɗe babban. Idan waken ya kai buhu, ki nemi buhun PICS mai ninki uku: ki duba ledojin ciki biyu ba su da huda, ki matse iska, ki ɗaure kowace daban da igiyarta, sa'an nan na waje. Waken da bai bushe ba idan aka rufe shi haka fumfuna yake yi, irinsa ma ba ya tsira.